Tsakanin Ma'arifa da Nosis: Tambayar da Ɗan Ƙanwata Ya Kawo Mini

Wata Juma'a, bayan an tashi daga zikiri an yi sallar magariba a masallacin unguwarmu da ke Aboabo a birnin Kumasi na ƙasar Gana, ɗan ƙanwata wanda yake karatun injiniya a jami'a ya biyo ni har ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa. A jikinta akwai shafin wani littafin tasawwufi da aka fassara zuwa Turanci, kuma duk inda marubucin ya ce ma'arifa da Larabci, wato sanin Allah, mai fassarar ya sa wata kalma mai tushe a Girkanci, wato gnosis, wadda ma'anarta sani. Yaron bai san kalmar ba, sai ya neme ta a intanet, ya faɗa cikin labarin wasu mutane na ƙarni na biyu bayan haihuwar Annabi Isa, waɗanda suke cewa wanda ya halicci wannan duniya jahili ne mai girman kai, kuma Allah na gaskiya yana can nesa, babu hannunsa a cikinta. Ya ce, "Kawu, ashe abin da ake nema a zawiyya ke nan? Mu da waɗannan hanyarmu ɗaya ce?" Na ce ya shigo ya zauna, domin irin wannan tambaya ba a amsa ta a tsaye.

Zan kira mutanen Nostikawa, tunda a Turanci ma ba a furta harafin farko na kalmar. Kafin shekarar 1945, kusan duk abin da aka sani game da su daga bakin abokan gābarsu ya fito, musamman Iraniyus, bishop na garin Liyon a ƙasar da yau ake kira Faransa, wanda ya rubuta musu raddi mai juzu'i biyar wajen shekarar 180. Duk wanda ya tashi a zongo, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi a garuruwan Gana, a shekarun da rikicin 'yan ɗariƙa da Ahlussunna ya yi zafi ya san yadda kamannin mutum suke sauyawa idan maƙiyinsa ne yake siffanta shi. Sai a watan Disamba na 1945 wani manomi mai suna Muhammad Ali al-Samman, yana haƙar taki a gindin dutsen Jabal al-Tarif kusa da Naga Hammadi a kudancin Masar, ya tono tulu rufaffe. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya yi jinkirin fasa shi don tsoron aljani, sannan kwaɗayin zinariya ya rinjaye shi, kuma mahaifiyarsa ta hura wuta da wasu daga cikin takardun. Abin da ya tsira kundi 13 ne, masu ɗauke da rubuce-rubuce 52 a harshen Ƙibɗawa, waɗanda aka kwafa a ƙarni na huɗu daga asali na Girkanci, kuma yau suna gidan tarihin Ƙibɗawa a Alƙahira. Masana da yawa suna ganin sufayen Kirista na wannan yankin ne suka binne su bayan wasiƙar da Atanasiyus, bishop na Iskandariyya, ya aika a shekarar 367, inda ya ƙayyade littattafai 27 na Sabon Alkawari ya yi tir da sauran.

Da aka karanta kundayen, sai aka ga an yi wa mutanen ƙazafi a wasu wurare. An zarge su da fasiƙanci, alhali akasarin rubutunsu ya karkata ne ga zuhudu mai tsanani da gudun sha'awa. An kuma ga cewa ba ƙungiya ɗaya ba ce, da yawansu ma Kiristoci kawai suke kiran kansu. Balantinus, wanda ya yi karatu a Iskandariyya ya koyar a birnin Rum a tsakiyar ƙarni na biyu, almajiransa suna zuwa coci tare da kowa, sai dai suna da majalisinsu na daban inda ake buɗe abin da suke kira ma'ana ta ciki.

Tatsuniyar da ta fi yawo a cikinsu, wadda ta zo cikakkiya a littafin da ake kira Asirin Yohanna, ga yadda take a taƙaice. Akwai Ɗaya Maɗaukaki wanda ba ya siffantuwa, wanda daga gare shi wasu halittun haske suka ɓuɓɓugo bi da bi kamar ruwa daga idon rijiya, har suka cika wata daula da suke kira Cikar Haske. A lissafin almajiran Balantinus su talatin ne. Ta ƙarshensu, Sofiya, wato Hikima, ta yi nufin haifar wani abu ita kaɗai ba da yardar abokin zamanta ba, sai ta haifi mummunan abu mai jikin maciji da kan zaki, ta ji kunya ta jefar da shi waje. Wannan yasasshen ɗa, Yaldabawot, shi ne ya ƙera sammai da ƙasa da mala'ikunsa masu gadi, ba tare da ya san akwai wani a samansa ba. Ya gina jikin Adamu ya kasa tayar da shi, har aka yaudare shi ya hura masa hasken da ya gada daga uwarsa. Tun daga nan ɗan Adam ya zama fursuna mai ɗauke da tartsatsin da ya fi mai gadinsa daraja, an lulluɓe shi da nama da mantuwa don kada ya tuna asalinsa. Ceto a wurinsu farkawa ne daga wannan barci, kuma aikin Almasihu shi ne ya zo ya tashi mai barcin. Wani almajirin Balantinus mai suna Tiyodotus ya tara abin cikin tambayoyi: su wane ne mu a da, me muka zama, ina muke, ina aka jefo mu, ina muka dosa.

Zan yi ƙarya idan na ce wannan bai taɓa jan zuciyata ba. Wata shekara da damina, rafin Aboabo ya cika ya shiga gidaje cikin dare, washegari aka tsinci gawar ɗan maƙwabcina, yaro ɗan shekara huɗu, a maƙale cikin kwata. Ina cikin waɗanda suka ɗauke shi zuwa maƙabartar Tafo, kuma rashin nauyinsa a hannuna ya fi komai yi mini nauyi. A bakin kabarin kowa yana cewa Allah ya ba da haƙuri, ni ma ina faɗa, amma a cikin raina wata tambaya tana ci kamar gara: idan Mai iko Mai rahama ne ya tsara wannan gida, don me ya tsara shi haka? Nostikawa sun yi wannan tambayar da gaske, ba su kauce mata ba, kuma amsarsu tana da sauƙin haɗiya ga mai baƙin ciki, domin ta wanke Allah na gaskiya daga laifin ambaliya da cuta da mutuwar yara, ta ɗora shi kan wani magini mara gwaninta. Wanda bai ji ƙarfin wannan amsa ba, ina ganin bai taɓa tsayawa a bakin kabarin yaro yana tunani ba.

Akwai wani abu na biyu da ya sa maganarsu take yi wa ɗan zongo kama da maganar gida. Kalmar zongo kanta zango ce, wurin da ayarin fataken goro yake sauke kaya ya kwana kafin ya wuce. Kakanninmu sun sauka a Salaga da Kumasi da niyyar wucewa, suka haifi 'ya'ya da jikoki, amma sunan baƙi bai bar mu ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasa, ƙanen mahaifina ya hau babbar mota zuwa Najeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba, can kuma aka riƙa kiransa ɗan Gana, har aka yi korar 1983 ya sake ɗaure kaya. Mutumin da aka yi wa haka ba ya bukatar dogon bayani idan aka ce masa asalin gidansa ba nan ba ne. Ɗaya daga cikin rubuce-rubucen Naga Hammadi sunansa ma Baƙo. A Linjilar Toma, wadda ita ma tana cikin kundayen, ta kuma ƙunshi zantuka 114 da aka jingina wa Yesu, zance na 42 gajere ne ƙwarai, cewa kawai yake ku zama masu wucewa. Duk almajirin da ya haddace Arba'una Hadisi zai ji ƙirjinsa ya motsa, domin hadisi na 40 na Ibnu Umar yana cewa ka kasance a duniya kamar baƙo ko mai ƙetare hanya. Waƙoƙin wa'azin da iyayenmu mata suke rerawa suna daka su ma wannan ne jigonsu, cewa duniya ba matabbata ba ce.

To amma kama da wane ba ta wane. Baƙon hadisi baƙo ne a gidan Mai gida wanda ya san da zuwansa, ya shimfiɗa masa tabarma, kuma zai tambaye shi yadda ya bar ɗakin. Baƙon Nostikawa kuwa kamamme ne a gidan ɓarawo. Wurin da na nuna wa yaron, wanda a ganina shi ne mararrabar, jimla ɗaya ce. A tatsuniyarsu, da Yaldabawot ya gama aikinsa ya dubi halittarsa sai ya yi shela cewa shi ne Allah, babu wani sai shi, kuma marubutan sun kawo wannan a matsayin hujjar makantarsa da girman kansa. Jimlar daga littafin Annabi Ishaya suka ɗauko ta, kuma ma'anarta ita ce ma'anar hailalar da muka gama yi a da'ira kafin magariba a wannan Juma'ar. Abin da arifi, wato mai ma'arifa, yake maimaitawa har ya nutse a cikinsa, shi Banostike yake ɗauka ƙaryar farko da aka yi a duniya. Littafin Farawa ya ce Allah ya dubi abin da ya yi ya ga yana da kyau ƙwarai, Alƙur'ani kuma ya sa a bakin masu tunani, a aya ta 191 ta suratu Ali Imrana, cewa Ubangijinmu ba ka halicci wannan a banza ba. Maƙwabtanmu Asante ma, waɗanda suke da labarin tsohuwar da ta dinga bugun Onyankopon, wato Ubangiji a wurinsu, da taɓarya tana dakan fufu har ya ƙaura sama, ba su taɓa cewa wanda ya yi nisan da wanda ya yi halitta mutum biyu ne ba. Nisa aka samu, ba a samu sauyin mai gida ba, shi ya sa tambarin Gye Nyame, wato "sai dai Allah", yake ko'ina har a bayan kujerun roba da muke haya ranar suna.

Haka abin yake ga sanin kai, wanda ɓangarorin biyu suke ɗaukakawa. Zance na 3 na Linjilar Toma yana cewa idan kun san kanku za a san ku, idan kuwa ba ku san kanku ba kuna cikin talauci. Sufaye suna yawan kawo maganar nan cewa wanda ya san kansa ya san Ubangijinsa, ko da yake malaman hadisi irin su Nawawi sun ce ba ta tabbata daga Annabi ba. Sharhin da na ji daga malamaina shi ne, wanda ya san kansa da rauni da bukata da ƙarewa zai san Ubangijinsa da ƙarfi da wadata da wanzuwa. Banostike yana leƙa cikinsa ne ya tarar da guntun allantaka, ya gane cewa shi da Maɗaukaki jinsi ɗaya ne. Ba zan ɓoye cewa akwai maganganun wasu sufaye a halin maye na ruhi da suka matso kusa da wannan iyaka ba, kuma Hallaju ya rasa ransa a Bagadaza a shekarar 922 a kan irin wannan zargi. Sai dai manyan ɗariƙa sun dage cewa bayan fana'i akwai baƙa'i, wato wanda ya nutse dole ya dawo ya tsaya a matsayin bawa, ya yi alwala ya bi sahu kamar kowa.

Ɓangaren ayyukan asiri shi ne inda kamannin suka fi ruɗa ido. Nostikawa sun yi imani cewa rai idan ya bar jiki zai ratsa sammai, a kowace ƙofa akwai mai gadi, kuma ba ya wucewa sai ya san sunan mai gadin da hatimin da zai nuna masa da amsar da zai ba shi. Akwai littattafansu cike da zane-zane da jerin wasulla da ake rerawa. An ruwaito cewa wani malaminsu, Basilidis na Iskandariyya, ya ƙirga sammai 365, shugabansu kuma sunansa Abrasaks, wanda idan aka yi hisabin haruffansa bakwai na Girkanci jimla take ba da 365 daidai. Wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure yana cika gidajen hatimi da lambobi ba zai ga baƙon abu a nan ba, kuma wannan sana'a tsohuwa ce a garin nan: Baturen Ingila Bowdich, da ya zo Kumasi a 1817 zamanin Asantehene Osei Bonsu, ya tarar da Musulmi a fada suna rubuta layu waɗanda ake ɗinkawa jikin rigunan yaƙi. Hukuncina a nan bai tsaya kan Nostikawa kaɗai ba. Duk lokacin da tsira ta koma sanin wata kalma da aka ɓoye, wadda ake bai wa wane a hana wane, to an buɗe kasuwa, kuma mai sayarwa ba zai rasa ba. Ana ganinsu yau a Facebook da TikTok, wasu da rawani wasu da kwat, suna tallar suna mafi girma ko buɗe ido na uku a kan sidi kaza.

Iraniyus ya ce almajiran Balantinus sun kasa mutane gida uku, na laka da na rai da na ruhi, na farko halakakku ne bisa ɗabi'arsu, na ƙarshe kuma tsirarru ne ko da me suka yi. Wataƙila ya tsananta, amma ƙwayar abin tana cikin rubutunsu. Sufaye ma suna maganar amawa da kebantattu, sai dai wannan matakala ce da ake hawa, ba jini ba ne da ake haifar mutum da shi. Abin da ya sa failar Shehu Ibrahim Inyass ta Kaulaha, wadda ta fara a 1929, ta kama zongunan ƙasar nan kamar wutar daji bayan zuwansa a farkon shekarun 1950 shi ne ta ce ma'arifa ba gadon gidan malamai ba ce, mahauci da direba da mai sayar da koko duk suna iya shiga tarbiyya. Masu suka sun ce an sauƙaƙa abin fiye da kima, har yara suna faɗin maganganun da ba su san nauyinsu ba, kuma wannan suka tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka alƙiblar motsin zuwa buɗe ƙofa ce.

Na gargaɗi yaron game da wani tarko da masu muhawara na ɓangarenmu suke faɗawa. Suna murna idan suka ji cewa Basilidis ya koyar da cewa ba Yesu aka gicciye ba, Saminu Bakurane ne wanda ya ɗauki gungumen, sai su ce ga Kiristocin farko sun gaskata aya ta 157 ta suratun Nisa'i. Dalilin Basilidis shi ne Almasihu ruhi ne tsantsa wanda ƙazantar jiki ba ta taɓa shi ba, ya zo ne ya kuɓutar da mutane daga hannun mahaliccin duniya. Alƙur'ani kuwa ya ce Isa da mahaifiyarsa suna cin abinci. Wanda ya ari wannan shaida ya ari riga ce da ƙaya a cikinta.

Na koma kan yaron da ya nutse, domin a can ne ni kaina na rabu da su, tun kafin in iya tsara hujja. Kwanaki bayan jana'izar muka fito aikin gayya muka buɗe kwatar, abin da muka ciro kuwa ledojin ruwa ne da robobi da tsummoki, sharar gidajenmu, ciki har da nawa. Falsafar da ta ce duniya kuskuren wani makahon magini ce ba ta da abin da za ta ce wa mai riƙe da shebur, domin babu mai gyara kurkukun da yake shirin tserewa daga cikinsa. Filotinus, masanin falsafa na ƙarni na uku wanda shi ba Kirista ba ne, ya yi musu irin wannan suka, ya ce suna raina duniya suna cewa a dubi Allah, amma ba su koyar da yadda ake gyara hali ba. Wannan bai warware tambayar da na yi a Tafo ba. Har gobe ban san don me aka ɗauki wannan yaro aka bar ni ba, kuma amsar da aka ba ni tun ina makarantar allo, cewa jarrabawa ce kuma hikimar tana wurin Mai ita, ta fi ta Nostikawa ɗaci a baki. Na zaɓe ta ne saboda ta bar ni da Ubangiji ɗaya wanda zan iya kai wa kuka, ta kuma bar ni da alhakin kwatar.

Yaron ya tambaya ko akwai sauransu a duniya. Addinin Mani, wanda aka haifa a 216 a ƙasar Iraƙi ta yau, ya ɗauki irin wannan rabuwa ta haske da duhu ya kai ta har Sin, kuma Agustin, ɗan arewacin Afirka wanda ya zama babban malamin coci, ya yi kusan shekara tara a cikinsa kafin ya fita. Wannan ya shuɗe. Waɗanda suka rage da tsohuwar silsila su ne Mandawa na kudancin Iraƙi da Iran, waɗanda Larabawa suke kira Sabi'awa, sunansu ma daga kalmar sani ya fito a harshensu. Suna girmama Annabi Yahaya, suna wankan ibada a ruwa mai gudu, kuma yaƙin da ya biyo bayan 2003 ya tarwatsa mafi yawansu zuwa ƙasashen waje. Ƙungiyoyin da suke amsa sunan a yau a Turai da Amurka, da rassansu da suke isowa nan, farfaɗowa ce ta baya-bayan nan, wadda ta fara da cocin da wani Bafaranshe mai suna Jules Doinel ya kafa a 1890.

Da aka kira isha'i ya tashi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kawu, ke nan in daina karanta su?" Na ce a'a, na shiga ɗaki na ɗauko masa kwafin Linjilar Toma da nake da shi, na gaya masa cewa masana ma suna saɓani ko ita ta Nostikawa ce, tunda babu Yaldabawot a cikinta ko sau ɗaya. Sharaɗin da na gindaya masa shi ne ya karanta da alƙalami a hannu, ya dawo mu zauna da Arba'una a buɗe a gefe. Bayan mako biyu ya dawo, gefen shafukan duk ya cika da rubutu, amma bai fara da zance na 42 da na zata ba. Ya buɗe na ƙarshe, na 114, inda Bitrus, almajirin Yesu, yake cewa a fitar da Maryamu daga cikinsu don mata ba su cancanci rai ba, aka amsa masa cewa za a mayar da ita namiji domin ta shiga mulkin sama. Ya ce, "Kawu, wannan fa, da me za mu kwatanta shi a wurinmu?" Mahaifiyarsa tana tsakar gida tana jin mu, ta ajiye tsintsiya ta jawo kujera.